Hasken Gwaggo a Rumbun Baba

Marka ta sauka a Katsina tun makon jiya. Kayan makarantar da muka shanya a bayan ɗakin kwana sun ƙi bushewa, har sun fara tsami. Jiya da na buɗe akwatina wani wari ya bugi hancina, na jiƙaƙƙiyar ƙasa da tsohuwar dawa, sai na tsaya da murfin a hannu har ƙawata ta tambaya ko ɓera na gani. Na ce a'a. Ban iya gaya mata warin rumbun Babana na ji ba, don labarin yana da tsawo, bakina kuma ba ya ɗaukar dogon labari. Hannuna ya fi shi ƙoƙari.

Shekarar da nake nufi ina aji ɗaya a sakandare, a ƙauyenmu da ke gefen Karare. Ba mu yi nisa da karatu ba aka rufe makarantar saboda mutanen daji. Bazarar ta zo da zafi irin wanda ƙadangare ma ba ya son taka ƙasa. Rijiya ta ja baya, guga yana fitowa da rabin laka. Babu mai nisa neman itace, sai kara da kashin shanu. Fulanin da ke zaune yamma da mu, waɗanda tun ina goye suke kawo mana nono, an kore musu shanu, suka kwashe suka yi wajen Safana. Daga nan fura ta koma gaya, a dama da ruwa a sha.

Da ruwan shuka ya sauka, babu wanda ya je babbar gonarmu ta bakin daji. Gonar bayan gari kawai muka shuka, gero da ɗan wake a tsakani. Baba yana sara, ni da ƙanena Ado muna bi muna jefa iri muna takewa, Inna tana tsaye a kan tudu da jinjira a bayanta tana duban hanya. Duk wanda ya ji ƙarar babur sai ya daskare har ta wuce. Gidaje da yawa sun tashi. Tafasa ta cika tsakar gidajen da aka bari, mu kuma muna shiga muna tsinka. Nakan ga inda murhunsu yake, da turken akuya babu akuya, in ji kamar sata nake.

Inna ta so mu tashi. Yayanta yana Katsina, ya aiko sau da yawa. Baba ya ce kafin ya bar gidan ubansa ya je ya raɓe a kangon wani, sai dai a ɗauke shi a makara. Suka yi ta ja, har wata safiya Inna ta ajiye muciya ta ce, "To Malam, na ji. Amma ranar da rumbu ya ƙare, ranar zan kwashi ɗiyana. Tsoro ɗaya ya ishe su, ba zan haɗa musu da yunwa ba."

Baba ya ce, "Ba ya ƙarewa sai mun ci sabon gero."

Ni ina bayan Baba, ko da yake babu wanda ya tambaye ni. Na ji yadda 'yan ajinmu da suka tafi suka koma. Wata da ta fi ni ƙoƙari a lissafi, an ce tana wanke kwanuka a wata tasha. Na fi son yunwar gidanmu.

A wajenmu mace ba ta leƙa rumbun mijinta. Haka muka taras. Abin da ke ciki asirin maigida ne, shi yake ɗiba ya ba da, ita kuma ta dafa abin da aka ba ta. Rumbunmu na ƙasa ne, babba, bakinsa a sama, an kife shi da hular ciyawa. Baba yakan jingina tsani, ya ɗaga hular, ya zura yaro ciki ya miƙo hatsi. Ado ne ya kamata, amma Ado in ya ga abu da safe, kafin azahar har liman ya ji. Ni kuwa sai in yini ban yi magana goma ba. Sai Baba ya zaɓe ni. Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake kirana Uwale, Inna kuma ba ta kama sunana sam, sai dai "ke".

Tun kaka Baba ya sussuke hatsin ya zuba a buhuna, don in gudu ya kama a iya ɗauka. Ni na ga buhunan suna kwanciya ɗaya bayan ɗaya.

Ana cikin noman farko Gwaggo Zulai ta dawo. Ita ce autar su Baba, tana digiri na biyu a jami'a, malamai suka tafi yajin aiki aka kulle ɗakin gwaje-gwajensu. Ta sauka daga motar kasuwa da jaka ɗaya da wani kwali da ta rungume kamar jariri. Ado ya ɗauka biskit ne. Da ta buɗe sai ga 'yan gilasai, kowanne bai fi faɗin yatsu biyu ba, an jera su a cikin auduga. Fuskarsu ta yi fari-fari, kamar ruwan koko ya bushe a kai.

Ta ce mini, "Malama Shiru, matso ki gani. Kin san farin man da ake shafa wa jinjiri in cinyarsa ta yi ja? Tutiya ce a ciki, wadda ta haɗu da iskar da muke shaƙa. Ni kuma shuka ta na yi a kan gilas, a cikin kwalba da ruwan zafi. Ta tsiro tsaye, cunkus, kamar gero a gona. Nanowaya muke ce musu. Sai kin tsaga gashin kanki gida dubu kafin ki sami sirantar ɗaya."

Na sa ido sosai, ban ga kome ba sai farin nan.

Ta fito da wata ƙaramar fitila, irin wadda masu shago suke gwada jabun kuɗi da ita. Ta ce kowace waya jeri ce ta ƙwayoyi, amma a fatarta akwai wuraren da ƙwaya ɗaya ta ɓace, gurbi ya zauna, kamar ramin da aka shuka bai tsiro ba. In aka haska fitilar, inda jeri ya cika yakan mayar da wani haske da idon mutum ba ya gani. Inda gurbi yake kuwa, hasken yakan faɗa ciki, ƙarfinsa ya ragu, ya fito da launi. Wayar da ta fi siranta ta fi yawan fata, don haka ta fi yawan gurabe. Abin da take son sani shi ne ko danshin damina yana shiga guraben nan ya sauya launin. In an gane haka, a cewarta, za a iya ƙera abin da zai riƙa sansano danshi ko muguwar iska. Damina ɗaya gare ta. In ta wuce ba ta duba ba, sai ta sake shuka, ta jira baɗi.

Baba yana gefe yana ɗaure ƙotar fartanya. Ya ce, "Zulai, wato shekara biyu kina karatun gurbi? Ki biyo ni gona in nuna miki gurbi kyauta."

"Naka ba ya haske, Yaya."

"Naki ana ci?"

Inna ta yi dariya har ta ƙware.

Matsalar Gwaggo duhu ce. Launin ba ya fitowa sai a baƙin duhu. Ta gwada sau ɗaya bayan isha a ƙarƙashin bargo, washegari 'yan sa-kai biyu suka yi sallama da Baba, wai an hango wani shuɗin haske daga gidanmu. A lokacin duk wanda ya kunna baƙuwar fitila ana iya cewa alama yake yi wa mutanen daji, kuma ba a tsayawa dogon bincike. Sai da Baba ya rantse. Daga nan dare ya haramta. Da rana kuma ɗakunanmu rufin kwano ne mai huji kamar rariya. Ta toshe da tsumma, ta shiga ƙarƙashin gado, duk a banza. Wayar salularta ma in ta ɗauki hoto sai kome ya fito shuɗi ɗaya.

Wata rana ta tsaya tana kallon rumbu. A makon ne kuwa na kakkaɓe buhun ƙarshe.

Ranar da ya ƙare, na miƙa wa Baba ƙwaryar, ya duba, ya dube ni. Bai ce in yi shiru ba. Ya san ba sai ya ce ba. Tun daga nan ya fara fita ƙwadago a gonar wani mai hali kusa da Batsari, ana biyansa da dawa. Ya dawo da ita a ɓoye cikin buhun takin da yake rataye da shi, ya jefa a rumbu lokacin da Inna take rijiya. Washegari ya jingina tsani a gaban kowa, ya zura ni, in ɗebo abin da ya jefa jiya, in ɗan jima ina motsi kamar mai kwance bakin buhu.

Gwaggo ta ce, "Yaya, ka ara mini rumbunka. Minti kaɗan, sau ɗaya a mako."

"Mace ba ta shiga rumbu."

"Uwale namiji ce?"

"Uwale yarinya ce. Kuma uwata ce."

"Ni ma ɗiyar gidan ga ce. A gabana aka gina rumbun."

"Ana gina shi kina tsotson yatsa. Na ce a'a."

Ta sake tambaya washegari, da jibi. Na lura Inna ta fara ɗaga kai duk lokacin da Baba ya ƙi, tana dubansa ɗan tsayi fiye da da. Na ga in aka ci gaba haka, ƙin ne zai tona shi. Sai na ji bakina ya buɗe da kansa.

"Baba, in ta ba ni, ni sai in duba mata."

Duk suka juyo. Ado ya ce, "Lah, ta yi magana!"

Haka aka fara. Gwaggo ta ɗaura wa kowane gilas zare mai ƙulli, don in gane su da taɓi. Ta gargaɗe ni kada in kalli bakin fitilar. Baba ya zura ni, ya mayar da hular ya danne. Ban taɓa zama a ciki a rufe ba. Zafi ya lulluɓe ni, ƙaiƙayi ya shiga wuyana, ina jin numfashina kamar na wani. Na ɗaga hannu gaban idona ban gan shi ba. Na tsuguna a kan buhunan da babu kome, na kunna.

Farin nan da ba shi da kyan gani ya kama. Ba kamar wuta ba, don ba ya rawa. Ya yi ruwan goro, a hankali, kamar garwashin da toka ta rufe aka hura. Na ɗauko na biyu, ya fi shi haske, gefensa ya ja zuwa ruwan ɗorawa. Na uku, wanda ta ce ta gasa a tanda, da kyar yake nuna kansa. Da na karkata fitilar sai na ga wani abu a bango yana ƙyalli, kore mai shuɗi-shuɗi, da ƙafafu da wutsiya a ɗage. Kunama ce, tazarar hannu ɗaya da kafaɗata. Ban yi ihu ba. Na ja jiki, na gama duba sauran, sannan na ƙwanƙwasa. Da na fito na raɗa wa Baba, ya shiga da takalmi ya kashe ta.

Kowane mako muka yi ta yi. Baba yana kan tsani da kunnensa a bakin hular, ina raɗa masa abin da na gani, shi kuma ya faɗa wa Gwaggo da ke zaune a gindin rumbu.

In na ce, "Mai ƙulli biyu, ruwan goro, amma tsakiyarsa ta yi kamar ɓawon lemun da ya kwana," sai in ji Baba ya ce, "Ta ce ja ne."

"Yaya, ba ta ce ja ba! Na ji ta yi magana mai tsawo!"

"To tsawon duk ja ne."

Sai bayan na fito take zaunar da ni in maimaita mata, tana tambaya ina amsawa. Ba ta taɓa ce mini na cika lura da abin banza ba, kamar yadda ake ce mini. In na ce gefen hagu ya fi na dama, sai ta ce, "Da yawa ko kaɗan?"

Sai marka ta zo. Sama ta sauko ta zauna a kan itatuwa. Katangar maƙwabta ta faɗi, gishiri ya narke a kwalba, kara ya jiƙe, Inna tana hura wuta idonta yana hawaye. Ƙwadago ya yi wuya, abin da Baba yake jefawa ya ragu. Abinci ya koma sau ɗaya, tuwo da yamma, da rana kwaɗon tafasa ko rama, wani lokaci ba ƙuli. Da safe a jiƙa ƙanzo a ba Ado. In na miƙe da sauri sai in ga taurari. Baba yakan ce ya ci a gona, amma na ga ya ƙara tsuke igiyar wandonsa, wuyansa ya yi tsawo. Inna kuwa, da yake a saninta akwai saura a rumbu, ba ta daina aika ɗan tuwo wa tsohuwar da ke bayan gidanmu ba, ba ta kuma daina yi wa Baba ƙorafin ya cika maƙo ba. Gero a gona ya fitar da kai, ya yi bununi, ya fara ɗaukar ido. Muna wucewa muna kallonsa kamar mai jiran mai naƙuda.

Ranar da abin ya faru, yayyafi ake tun asuba. Inna tana rumfa tana dakan busasshiyar kuɓewa. Baba ya zura ni ya rufe. Bangon rumbu ya yi sanyi, buhunan sun yi laushi da danshi. Na lalubo mai ƙulli ɗaya, wanda wayoyinsa suka fi siranta, na kunna.

Ba ruwan goro ba ne. Na kashe, na murza ido, na sake kunnawa. Daga gefe ya juye ɗanyen haki, kore mai haske, ya ci kusan rabin gilas ɗin, goron ya matse a tsakiya. Na duba mai ƙulli biyu, yana nan yadda yake. Na koma kan na farko. Na san in na raɗa wa Baba zai ce ja ne.

"Gwaggo! Ya sauya! Mai ƙulli ɗaya ya yi kore! Kore ne, Gwaggo, daga gefe!"

Ban san ina da murya irin wannan ba. Ta daki bango ta dawo, ta kewaya, ta yi ƙugi kamar an yi kira a cikin rijiya. Rumbu ya ɗauka ya yi ta amsawa.

Taɓaryar Inna ta tsaya.

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san rumbun da ke da hatsi haɗiye murya yake. Wanda ke amsawa haka, babu kome a cikinsa. Na ji Gwaggo ta fara cewa "Alhamdu..." ta yanke. Na ji takun Inna a cikin taɓo, ba sauri.

"Malam, mi na ji?"

Sai muryarta ta matso jikin bangon rumbu.

"Ke. Tun yaushe?"

Na kashe fitilar. Ta buga bangon da tafin hannu, rumbu ya ce dum.

"Da ke nake."

Na ce, "Tun noman farko, Inna."

"Tun noman farko." Ta maimaita a hankali. Sannan muryarta ta tashi. "Ni za a ɓoye wa yunwa? Ni da na ci dusa a gidan ubana? Da ka faɗa mini, da tun tuni na rage hannu! Da na shanya tafasa, da na sayar da akuyarmu tun tana da nama! Ka bar ni ina rabon tuwo kamar matar sarki, kai kana yawo da ciki kamar ganga, kana ce mini ka ci a gona!"

"Da na faɗa, da kin tafi."

"Yanzu ma tafiya zan yi. Gobe akwai mota. Fito da ita."

Baba ya ɗaga hular. Haske ya zubo mini da yayyafi. Ya miƙo hannu, fuskarsa kamar an zare mata jini. Ya ce, "Taho, Uwale."

Na dubi hannun. Na matsa baya na zauna a kan buhu.

"Ba zan fito ba."

Ado ya ce daga waje, "Inna, wai ba ta fitowa!"

Na ɗaga murya, tunda rumbun ya riga ya koya mini. "Ba zan je Katsina in wanke kwanon kowa ba. Gero ya kusa. Ni na jefa irinsa. Kuma ban gama duba na Gwaggo ba."

Ruwa yana ta bugun kwano. Can na ji tsani yana ƙara. Kan Baba ya ɓace daga bakin rumbu, na ji yana ce wa Inna, "Ke, mi za ki yi? Ba a yi! Zulai, riƙe ta mana!" Gwaggo ta ce, "Ni jinjira aka ba ni, Yaya, hannuna a cike yake."

Sai ga fuskar Inna a sama. Ta daɗe tana kallon ƙasan rumbun, da buhunan, da ni. Na ɗauka jawo ni za ta yi. Sai ta tattare zane, ta zuro ƙafa, ta ce, "Matsa." Ta diro a gabana, ƙafafunta duk laka. Ta ɗaga buhunan ɗaya bayan ɗaya ta kakkaɓe, ta sa yatsa a 'yar dawar da Baba ya jefa jiya, ta auna da ido. Baba ya sake hawowa yana leƙo mu.

Ta ce wa Baba, ba tare da ta ɗaga kai ba, "Gero saura nawa?"

"In Allah ya so, kafin wata ya mutu a fara tumu."

"To ji. Gobe Ado ya bi mota wurin Yayana a Katsina, sai an yi girbi. Akuya ta tafi kasuwa. Duk abin da ka samo, a hannuna za ka sa shi, ba a ramin ga ba. Kuma ka ci abinci a gabana ina gani."

"Na ji."

"Ban ji ba."

"Na ce na ji."

Ado ya fashe da kuka a waje, wai shi ba ya zuwa. Ya tafi kuwa, kuma sai da muka yanke geron nan, da rana tsaka, mu da sauran gidajen da suka rage, sannan ya dawo.

Inna ta zauna a kan buhu kusa da ni, tana numfashi. Kafaɗarta ta taɓa tawa, na ji ƙashi. Ta dubi gilas ɗin da ke hannuna, fari-fari, ba kome.

"Wannan ne ya sa ki ihu?"

"Shi ne."

"Ni ban ga kome ba."

"Sai da duhu, Inna."

Ta ɗaga kai ta dubi Baba, wanda yake tsaye a kan tsani cikin ruwa da hular rumbunsa a hannu.

"To Malam, mi kake jira? Rufe mana. Haske na shigowa."